Magini Kuma Tsohon Sojan Ruwa

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wani dattijo ne da aka yi wa sutura a makon jiya a tsohon garin Sakkwato, bayan ya haura shekara tamanin a duniya. Bai riƙe sarauta ba, bai taɓa tsayawa takara ba, amma da yawa cikin waɗanda suka sallace shi a ƙarƙashin rufin da ya ɗora da hannunsa suke kwana. Magini ne ɗan magini, sannan tsohon sojan ruwa.

Wannan na biyun shi ke ba mutane mamaki, domin a wancan zamani babban ruwan da ɗan Sakkwato ya sani shi ne gulbin Rima, kuma samarin Arewa masu sha'awar kaki galibi sojan ƙasa suke shiga. Rundunar sojan ruwan kanta ƙarama ce, tun da a 1956 aka kafa ta. Shi kuwa ya sauka Legas, aka horar da shi a Apapa, bai daɗe ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Aikin rundunar shi ne tsare bakin teku don hana makamai shiga Biyafara, da jigilar sojojin ƙasa, kamar yadda ta sauke su a Boni cikin watan Yuli, da Kalaba cikin Oktoba na wannan shekara. Ba ya son labarin yaƙi. Idan an matsa masa sai ya ce an yi an gama, Allah ya kiyaye gaba.

Abin da ba ya gajiya da zancensa shi ne ruwa. Yaran da suka koyi gini a hannunsa suna cewa bai ɗauki rufin soro da wani bambanci da jikin jirgi ba: inda duk aka bar 'yar tsaga, ta nan ruwa zai shiga, kuma ba zai yi sallama ba. Saboda haka yakan bar ƙasar da aka kwaɓa da ciyawar ramno ta yi kwanaki ana juya ta kafin ya yarda a buga tubali. Azara kuwa sai ta giginyar da ta tsufa, wadda gara ba ta samun yadda take so da ita, sannan ya bi rufin da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Da hadarin farko ya fara haɗuwa zai ɗauki sandarsa ya zaga gidajen da ya gina yana duba indararo, ba tare da an kira shi ko an biya shi ba.

Ya dawo gida ya tarar gari ya canza. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma tun 1967, kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki, aka kuma kafa jami'a a 1975. Maginan ƙasa da dama sun koma gefe suna kallo, amma shi ya zauna ƙarƙashin birkiloli ya koyi bulo da rodi da zuba kankare. Idan aka kawo masa bulo sai ya murza gefensa da babban yatsa, in ya ga yashi na zuba ya ce a kwashe, ko da mai gida na tsaye yana roƙo.

Gaskiya dai ba mutum ne mai sauƙin aiki ba. Yana da faɗa, aikinsa yana da jinkiri da tsada, kuma ya rasa kwangiloli masu yawa saboda ya ƙi rage siminti. Sai dai duk wanda ya ga katangun da ke zubewa a sababbin unguwanni cikin watan Agusta, ko ya yini a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, ya san abin da masu neman araha suka saya.

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, yakan goge takalmansa ya tafi taron tunawa da 'yan mazan jiya, kuma daga shekara zuwa shekara sahun tsaransa yana raguwa. Babu wanda ya ɗauki muryarsa yana bayanin yadda ake ɗaurin guga, wato rufin soro mai bakan gizo, ko yadda ɗan ƙasar fako ya saba da igiyar ruwa. Muna kira ga hukumar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu da masana na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su hanzarta zuwa wurin irinsa da suka rage a Ƙanwuri da Ƙofar Marke da sauran unguwanni. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalansa haƙuri.