Ƙusa ta nutse, me ya hana jirgin ƙarfe nutsewa?

[Bakin Tafkin Jabi, da yamma]

Assalamu alaikum jama'a. Tunda hoton ƙaton jirgin kwantenan nan ya zaga WhatsApp ake ta musu. Wasu sun ce injinsa ne ke riƙe shi a saman ruwa, wasu sun ce gishirin teku ne. To, jirgi yana kashe inji ya kwana a tashar Apapa, kuma ba ya nutsewa. Ku matso ku gani.

[Baho cike fal da ruwa, an ɗora shi cikin faranti]

Ga ƙusa. Tsulum! Ta tafi ƙasa. Ga kwanon silba, ya ninka ƙusar nan nauyi sau da yawa. Na ɗora shi. Ya zauna daram.

A nan ake ruɗewa, don haka kada ku kalli kwanon. Ku kalli ruwan da ya zubo cikin faranti. Da kwanon ya shiga, sai da ya ture ruwa ya samu wurin zama, shi kuma ruwan yana tura shi sama da ƙarfin da ya kai nauyin ruwan da aka ture. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Kwanon nan rabin kilo ne, saboda haka da ya ture rabin lita, an yi kunnen doki, sai ya tsaya. Ƙusa kuwa ba ta da ciki. Ɗan ruwan da ta ture bai kai nauyinta ba.

[Ana zuba tsakuwa cikin kwanon]

Ku lura, ina ƙara tsakuwa, yana ƙara shiga, ruwa na ƙara zubowa. Yana nan dai bai nutse ba. Sai ruwa ya kai bakinsa, babu sauran abin turewa, sannan ya tafi. Wani masani Bagirke, Arkimidis, ya gano wannan sama da shekara 2,200 da suka wuce. Jirgin Ever Given da ya toshe mashigin ruwan Suez na ƙasar Masar kwana 6 a watan Maris na 2021, tsawonsa mita 400 ne, amma lissafin kwanon nan ne ke ɗauke da shi.

Masu maganar gishiri ba su faɗi ƙasa warwas ba. Ruwan teku ya ɗan fi na kogi nauyi, lita 1,000 ta ruwan teku kilo 1,025 ce, ta kogi kuwa kilo 1,000. Shi ya sa jirgi ke ƙara shiga ruwa kaɗan idan ya baro teku ya hau kogi.

[Jirage iri-iri suna wucewa]

Sauran duk kaya ne ke tsara siffarsu. Wannan na kwantena ne. Wannan tanka ce ta ɗanyen mai. Wancan mai manyan murafai alkama yake kawowa a zube. Wannan da ya yi kama da bene, motocin tokumbo ne a ciki, da tayarsu suke shiga, da tayarsu suke fita. Ɗan ƙaramin can kuwa, kada ku raina shi, shi ke jan manyan zuwa bakin tasha. Idan manyan sun sauke kaya, ruwa suke ɗura wa tankunan ƙasa, don kada su yi tangal-tangal kuma farfela ta zauna cikin ruwa.

[Hoton da'ira da layi a jikin jirgi]

Wannan alamar ce ta fi tsaya mini a rai. Layin Plimsoll, an sa masa sunan ɗan majalisar Ingila da ya yi fafutuka har aka yi doka a 1876. Ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare.

Duk damina sai mun ji kwale-kwale ya kife da 'yan kasuwa a Neja ko Kebbi, mata da yara, da buhuna da babura a ciki. Wallahi abin yana ci mini rai. Gwangwanin fenti ɗaya ya isa a ja wa kwale-kwale da yawa irin wannan layin, fasinja ya gani da idonsa tun yana bakin gaɓa.

[Ana miƙa rigar kariya, kwale-kwale ya tashi]

Malam direba, mu nawa ne a ciki? Bari in leƙa inda ruwa ya tsaya a jikinsa tukuna.