Sharhi: Bitamin D da cutar jini a jikin jarirai sabbin haihuwa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk ungozomar da ta daɗe a kan aiki ta san wannan yanayi. Jariri ɗan kwana uku yana tsotso lafiya lau, sai a wayi gari ya saki nono, jikinsa ya yi zafi rau ko kuma ya yi sanyi ƙalau, numfashi sama-sama. Sau da yawa ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsa, abin da likitoci ke kira sefsis. Tana cikin manyan cututtukan da ke kashe jarirai a kwanaki 28 na farkon rayuwa.

Binciken da aka yi a asibitocin Turkiyya da Indiya da Masar ya gano cewa jariran da wannan cuta ta kama galibi bitamin D ya yi ƙaranci a jininsu, haka ma a jinin iyayensu mata. Wannan sinadari yana taimaka wa garkuwar jiki wajen kashe ƙwayoyin cuta. Jariri kuwa daga uwa yake samun nasa tun yana ciki, domin ruwan nono, duk da albarkarsa, kaɗan yake ɗauke da shi.

Wani zai ce ai mu rana ta ishe mu. To, fata ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta, kuma baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a ranar. Mai cikin da ke wuni a ɗaka, sannan ta yi arba'in na jego a ɗaka, tana iya rasa shi ko a tsakiyar bazara. Ta riƙa fitowa tsakar gida ta sha hantsi. Maigida ya sayo ƙwai da kifin sardin, ya kuma bar ta ta je awon ciki.

Amma don Allah kada a ɗauki wannan a matsayin magani. Bitamin D ba ya warkar da jaririn da cutar ta riga ta kama. Abin da ke cetonsa allurar kashe ƙwayoyin cuta ce a asibiti, a kan kari. A wanke hannu kafin a taɓa cibiya, a shafa mata kulohezidin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake shafa wa cibiya, maimakon toka ko man goge baki. Idan jariri ya ƙi nono da tsakar dare, a daren za a nemi abin hawa, kada a ce sai gari ya waye.