Yadda ake feɗe ƙagaggen labari: zubi, mai ba da labari, jigo da taurari

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga birnin Alƙahira nake magana da ku, kuma yau zancenmu na ɗaliban adabi ne, musamman masu shirin WAEC da NECO da waɗanda ke rubuta kundin kammala digiri a sashen Hausa. Ku ɗauko biro da takarda.

Babbar matsalar da ake samu a takardun ɗalibai ita ce, a ce wa mutum ya yi nazarin littafi, sai ya zauna ya sake ba da labarin daga farko har ƙarshe, shafi huɗu, shafi biyar, ya miƙa. Malamin da zai duba ya riga ya san labarin. Abin da yake nema shi ne ka nuna masa yadda marubucin ya ƙulla abin, da dalilin da ya sa ya ƙulla shi haka.

Littafin sai an karanta shi sau biyu. Karatun farko ka bi shi kawai don jin daɗi, kada ka rubuta komai. A karo na biyu ka ja layi uku a takarda, kowane babi ka ba shi jeri ɗaya: su wa ke ciki, a ina kuma yaushe, sannan me ya canja kafin babin ya ƙare. Layin ƙarshen nan shi ne mai wuya. Idan ka zo babin da ka rasa abin da za ka rubuta a ciki, ka yi masa alama, domin ko dai babin cike gurbi ne, ko kuma yana wani aikin daban, kamar fito da halin wani tauraro, wato ɗaya daga cikin mutanen labarin.

Wannan takarda ita za ta ba ka zubi da tsari, wato yadda aka jera abubuwan da suka faru a labarin. Ni ina ganin daga nan ya kamata a fara, duk da cewa yawancin ɗalibai da jigo, wato babban saƙon labarin, suke farawa. Akwai gwaji mai sauƙi: ɗauki babi biyu na tsakiya ka sauya musu wuri a ranka, ka ga ko labarin zai rushe. Mu ɗauki littattafai biyu da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta haɗuwa gari bayan gari, wannan ya yi wa wancan wayo, wancan ya rama. Da yawa daga cikin waɗannan haɗuwa za ka iya gabatar da ɗaya ka jinkirta ɗaya ba tare da an yi asara ba, saboda tafiyar neman ruwan ce kaɗai ta riƙe su, kamar zaren carbi. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa abin ba zai yiwu ba. Hassadar da aka yi wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, a fada ita ta jawo korarsa, korar ta raba iyalin, rabuwar ta sa aka sace yaron, satar ta kai shi hannun wani Balarabe, Abdulkarim, har ƙasar Masar, ita kuma uwar ta bazama nemansa. Cire guda, sauran su zube. Ɗalibin da ya rubuta wannan bambanci da misalansa ya yi nazari na gaske.

Sai tambayar da aka fi tsallakewa, wadda ni kuwa na fi ba ta muhimmanci: wa ke ba da labarin, kuma ta yaya ya san abin da yake faɗa? Shaihu Umar da bakinsa yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa, yana cewa na yi, na je. To amma a ciki akwai makircin da aka ƙulla wa Makau lokacin shi yana ƙaramin yaro, akwai kuma wahalar da mahaifiyarsa ta sha a hanya alhali ba ya tare da ita. Ina ya samo? Nan ne za ka tsaya ka duba ko marubucin ya tanadi hanyar da labarin ya iso gare shi, ko kuwa ya bar muryar ta faɗaɗa ta koma ta mai sanin komai. Ka kuma tambayi kanka me ya sa aka zaɓi malami dattijo ya ba da labarin bauta cikin natsuwa, ba tare da ɗaga murya ba. Wannan natsuwar tana shafar yadda mai karatu ke jin zafin abin. Kuma kada ka ce "marubucin ya ce an sace ni". Marubuci daban, mai ba da labari daban, kuma ana rage maki a kan wannan.

Yanzu jigo. Kalma ɗaya kamar "soyayya" ko "bauta" ba ta isa ba, ka faɗe shi cikin cikakkiyar jimla wadda wani zai iya musa maka, misali: cinikin bayi yana tarwatsa iyali har da na waɗanda ke cikin harkar. Makau da kansa yana fita hari, ka ga hujja ta samu. A warwarar jigo ka kawo aƙalla wurare uku, farko da tsakiya da ƙarshe, kowanne da lambar shafi. In hujjojinka duka daga babi ɗaya suka fito, ƙaramin jigo ka kama, babban yana nan bai taɓu ba.

Taurari kuma, a daina cewa "mutumin kirki ne" a wuce. Duba abin da ya aikata, abin da ya faɗa, da abin da wasu suka faɗa a kansa, sannan ka lura da inda ukun suka saɓa. Ka gwada shi a babin farko da na ƙarshe ka ga ko ya canja.

Salo ba sai na daɗe ba, kun saba tsamo karin magana da kamance da mutuntarwa. Kuskuren shi ne a jero ashirin babu bayani. Biyar sun isa, in dai kowacce ka faɗi wa ya furta ta, a wane hali, da abin da ta ƙara wa wurin.

Masu nazarin littattafan da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ku ƙara layi na huɗu a takardarku: da me kowane shafi ya ƙare. Marubuciya tana yanke labarin ne a inda zai sa a dawo gobe, wani lokaci ma ra'ayin masu karatu yana sa ta tsawaita rawar wani tauraro. Saboda haka ku rubuta ranar da aka saki kowane shafi da kuka ɗauko hujja daga ciki, domin ana gyara rubutun bayan an sake shi, kuma lambar shafi a nan ba ta da tabbas.