Kasuwar hannun jari ba ta saurin manta girgiza

To, jama'a, ku saurara. Da zan tambaye ku ko ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka na S&P 500 zai hau gobe ko zai sauka, babu mai amsa mini. Farashin jiya ba ya nuna inda na gobe zai dosa. Amma in tambayar ita ce tsallen gobe babba ne ko ƙarami, nan kam jiya tana da ta cewa. Kai, har bara ma.

Benoit Mandelbrot ya hango wannan tun 1963 a farashin auduga: babban motsi babba ke binsa, ƙarami kuma ƙarami. Robert Engle ya sa abin cikin lissafi a 1982 da tsarin ARCH, mai hasashen girman girgizar farashi daga girgizar baya, Tim Bollerslev ya faɗaɗa shi zuwa GARCH a 1986. Sai dai a GARCH girgiza tana lafawa da wuri.

Ku saurari nan da kyau. A 1993 Ding da Granger da Engle sun ɗauki farashin S&P 500 na kullum daga 1928 zuwa 1991, suka ajiye batun hawa ko sauka, suka auna girman motsin kawai. Sai ga shi motsin yau yana da alaƙa da na ranakun ciniki sama da 2,500 baya. Kusan shekara goma ke nan fa! Alaƙar tana raguwa, amma a hankali, kamar garwashin da toka ta rufe. Wannan doguwar tunawa ta haifar da tsarin FIGARCH a 1996, wanda a cikinsa girgiza ke lafawa a hankali.

Me ya haɗa wannan da mai ciniki? A kasuwar Chicago, inda tun 1982 ake ƙulla cinikin S&P 500 na nan gaba, kowa sai ya ajiye kuɗin jingina, kuma gwargwadon girgizar da ake tsammani ake yanka shi. Ku tuna 19 ga Oktoba 1987, ranar da ma'aunin hannun jari na Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari. Bayan irin wannan rana, lissafi mai saurin mantuwa zai sa a sassauta jingina tun ƙura ba ta kwanta ba. A ganina haɗarin ya fi yawa a nan.

Akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Diebold da Inoue sun nuna a 2001 cewa idan yanayin kasuwa yana sauyawa farat ɗaya jefi-jefi, alƙaluman za su yi kama da doguwar tunawa ko da babu ita. Saboda haka kafin ɗayanku ya ce ya gano ta a bincikensa, ya fara raba shekarun gida-gida, ya gwada kowanne daban.