Will Kemp, Ɗan Barkwancin Da Ya Taka Rawa Daga Landan Har Norwich

Yaya: Jama'a, assalamu alaikum. Tun makon jiya saƙonninku suke ta shigowa a kan Will Kemp, wai da gaske ne ya yi rawa daga Landan har birnin Norwich na Ingila?

Auta: Ni ma fa, Yaya, na kasa gaskatawa.

Yaya: Wallahi ya yi! A 1600, tafiyar mil ɗari da ɗoriya, ƙararrawa ɗaure a ƙafa, makaɗinsa na biye da shi. Kwana tara ya yi yana takawa, amma da hutu a tsakani sai da abin ya ci kusan wata guda. A hanya wani mahauci ƙato ya ce zai raka shi, ko rabin mil bai kai ba ya sare.

Auta: Mahauci guda! Duk naman da yake ci?

Yaya: Sai wata budurwa 'yar ƙauye ta ce a ɗaura mata ƙararrawar, ta yi mil guda cur.

Auta: Allah ya yi mata albarka! To mahaucin da wane ido ya koma kasuwa?

Yaya: Ai ranar sai dai yaransa su yi ciniki.

Auta: Ni da garinmu ne, har jikokinsa sai an yi wa waƙa.

Yaya: Bari ki ji abin da yake taɓa min zuciya. Kemp shi ne babban ɗan barkwancin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Shakespeare, shi ya fara fitowa a Dogberry, ɗan dokan nan mai kwaɓa manyan kalmomi. Talaka ya biya kobo ɗaya ya tsaya a ƙasa, Kemp yake jira, don in an tashi wasa shi ke rufewa da rawa da waƙa. A 1599, shekarar da aka gina gidan wasan kwaikwayo na Globe, ya bar ƙungiyar alhali yana da kaso a ciki. Can a wasan Hamlet na Shakespeare kuma sai ga gargaɗi, kada masu barkwanci su faɗi abin da ba a rubuta musu ba.

Auta: Kamar 'yan kamanmu kenan, baki ne jarinsu.

Yaya: Sosai. Robert Armin da ya gaje shi mai waƙa ne da iya habaici, sai barkwancin ya koma cikin rubutu. Ni dai ina jin an yi rashi.

Auta: Yaya, marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson fa? Mun yi alkawarin...

Yaya: Kai, lokaci ya tafi! Shi da ya kashe ɗan wasa Gabriel Spencer a 1598, ai labarinsa ba na minti biyu ba ne. Mu haɗu mako mai zuwa.