Babban kamfani ko ƙaramin wuri: laccar da aka yi wa matasa masu neman aiki a Kano

Assalamu alaikum. To, lokaci ya ja, abu uku zan faɗa mu tashi kafin la'asar. Na bayan can kuna ji na? Madalla.

Na farko babban kamfani. Duk wanda na ce ya zaɓa a nan zai ce Dangote ko MTN ko banki, kuma wallahi ba laifi, albashi na shigowa ƙarshen wata ba sai ka tsaya a ƙofar oga kana sosa ƙeya ba, ga asibiti, ga fansho, dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari kai a cire maka kashi 8, suna taruwa da sunanka, ko ka bar wurin kuɗinka na nan. Amma kar wani ya ce muku babba ba ya faɗuwa. Ku tambayi mutanen Kakuri a Kaduna. Masaƙar KTL tun 1957 take aiki, a 2002 aka rufe ta, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007, mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a kan inji ɗaya, ranar da aka sa kwaɗo a get bai san yadda ake sayar da yadi ɗaya ba. Nan gida ma ku zaga Sharaɗa da Bompai ku ga masana'antun da aka rufe.

To ƙaramin wuri fa, nan nake so ku buɗe kunne, don nan zuciyata take. Ɗauki yaron shago a Kantin Kwari. Shi zai buɗe shago da safe, shi zai ƙirga dila in kaya sun sauka, shi zai yi ciniki da ɗan dako, shi zai riƙe littafin bashi, yana tsaye ubangidansa zai ja da baƙon da ya zo sari daga Maraɗi har su daidaita, yana ji yana gani yadda ake hana mutum bashi kuma mutumin ya tafi yana dariya, gobe ya dawo. Wace jami'a ke koyar da wannan? Ya san nawa aka saro, ya san nawa aka sayar, ya san abin da ya rage bayan kuɗin mota da haya. A babban kamfani sai ka shekara goma ba ka taɓa ganin farashin sari ba, an ba ka tebur ɗaya da kwamfuta, iyakarka ke nan. Na ce ya san nawa aka saro! Kai mai jar hula, bar wayar nan ka ji, ko budurwar ce ta kira? To ta jira. Haka mai gyaran waya a Farm Centre, haka gidan burodi mai ma'aikata goma, duk wanda ya zauna da ido buɗe zai fita da sana'a sukutum a kansa.

Na biyu, ko na uku ne muke? Bari dai in faɗi aibin ƙaramin wuri a gurguje. Babu hutu, babu lokacin tashi, kuma mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, doka ba ta ɗora shi a kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ku san da wannan.

Na ga hannu, bismillah ƙanwata.

(Wata ta ce yayanta ya daɗe yana yi wa wani tsaron shago, har yau ba a sallame shi ba, me za su yi?)

Allah sarki. Wannan ita ce cutar da ke cinmu, kunya. Ana kai yaro a ce Alhaji ga ɗanka nan, shi ke nan, ba a yanka shekara nawa zai yi ba, ba a faɗi jarin da za a sallame shi da shi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Baƙara, kan rubuta bashi take da kafa shaidu, to mu me ya hana mu rubuta alkawari? Ki gaya wa mahaifinku ya samu dattijon da Alhajin ke jin nauyinsa, ko shugaban layinsu a kasuwa, su je tare, ba da faɗa ba, a zauna a yanka lokaci, a rubuta, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. In an tashi ki tsaya, zan faɗa miki yadda ake tsara takardar.