Rubutu Ya Yi Ƙanƙanta a Allo? Kada Ku Taɓa Girman Harafi Tukuna

Kun ga wannan takardar da ke buɗe a Word? Rubutun kamar jerin tururuwa, sai mutum ya kai hancinsa gaban allo, ya ƙanƙance ido kafin ya karanta layi ɗaya. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu zaɓi rubutun duka, mu ɗaga girman harafi daga 11 zuwa 18. Ido ya huta, amma takarda ta lalace: wasiƙar shafi ɗaya ta zama shafi biyu, tebur ya goce, kuma haka za ta fito daga firinta.

Matsalar a allo take, don haka a allo za mu gyara ta. Ku duba can ƙasa ta hannun dama, ga ƙaramin sandan zuƙowa da aka rubuta 100% a gefensa. Ku ja shi zuwa 140%. Ko kuma ku danne Ctrl, ku murza tayar linzami sama. Kun ga rubutun ya taso, shafin kuwa yana nan yadda yake. Word yana kaiwa har 500%, Excel kuma 400%.

Sai dai maɓallan da ke sama ba su motsa ba. Wannan aikin Windows ne. Ku danna maɓallin Windows tare da I, ku shiga System, sannan Display, ku nemi Scale. Ku gwada 125%, idan bai isa ba ku koma 150%. Ni dai a ƙaramar laftof ba na wuce nan, domin Excel sai ya rage ginshiƙan da yake nunawa, mutum ya yi ta jan shafi hagu da dama.

To, yaushe za a taɓa harafin kansa? Sai idan takardar da za a buga ce ke wahalar karantawa. Daga 2007 Word ya riƙa buɗewa da salon harafi mai suna Calibri mai girman 11, kafin Microsoft ya sanar da wani salon, Aptos, a 2023. Ba dole ne ku zauna a kansu ba. Ku danna Ctrl da D, ku zaɓi wanda ya kwanta muku a ido, ku danna Set As Default don kada ku riƙa maimaitawa kullum.

Kafin ku amince da shi, ku rubuta "ƙasa", "karɓaɓɓe" da "ɗaki", ku zura ido. Idan salon harafin ba shi da ƙ, ɓ da ɗ, Word zai aro su daga wani, sai ku ga sun fi 'yan uwansu kauri ko sun ɗan karkace a tsakiyar kalma. In kun ga haka, ku sauya shi tun kafin ku yi nisa da rubutu.